Kaburburan da babu kowa a ciki: ziyara zuwa Saint-Denis, makwancin sarakunan Faransa

Idan ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Paris, layi na 13, ka nufi arewa, cikin kamar minti ashirin za ka sauka a Saint-Denis, wanda masu wurin ke furtawa kamar "San Dani". Kana fitowa babu abin da zai nuna maka ka zo makwancin sarakuna. Kasuwa ce za ta tarbe ka, ga masu kayan miya, ga masu atamfa, Larabcin Aljeriya da Maroko da harsunan Mali da Senegal suna tashi ta ko'ina. Sai ka ɗan taka kaɗan, kwatsam fili ya buɗe, ka ga tsohuwar majami'a a gabanka da hasumiya guda ɗaya a hannun dama, hagu kuwa wayam. Da can akwai ta biyu, doguwa mai tsini wadda ta kusa mita 90. Tsawa ta faɗa mata a 1837, guguwa ta ƙara raunana ta, aka sauke ta dutse bayan dutse wajen 1846. Sai a 2025 aka soma aikin mayar da ita.

Na je wurin ne bayan wani taro, ina da yini guda a hannu kafin tafiya. Shiga ɓangaren ibada kyauta ne, don har gobe ana ibada a ciki, tun 1966 ma nan ne mazaunin bishof na yankin. Ɓangaren kaburbura shi ake yankar wa tikiti. Da ka wuce shingen za ka ga mutum-mutumi na farin dutse sama da 70, yawancinsu a kwance rigingine, da kambin sarauta a ka, zaki ko kare a ƙafafunsu. Na lura duk wanda ya shigo sai ya rage murya kamar ya shiga maƙabarta. Alhali ƙarƙashin waɗannan duwatsun da ke saman bene babu kowa. An kwashe gawarwakin tun watan Oktoba na 1793. To su wane ne suka rage a Saint-Denis, kuma ta yaya aka san su ne? Wannan tambayar ce ta sa na ga ziyarar ta dace da wannan shafi namu, domin amsarta ta bi ta ɗakin gwaje-gwaje.

Mu ɗan koma baya. Sunan wurin na Denis ne, bishof na farko na Paris, wanda aka fille wa kai wajen shekara ta 250, zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar. Tatsuniyar da ake bayarwa ita ce wai ya ɗauki kansa a hannu ya yi tattaki har nan kafin ya faɗi. Abin da masu tonon tarihi suka tabbatar shi ne akwai tsohuwar maƙabarta a wurin tun zamanin Rumawa, kuma manyan mutane sun yi ta neman a binne su kusa da kabarin da ake ɗauka nasa ne. Sarki Dagobert an binne shi nan a 639. Daga Hugues Capet, wanda ya rasu a 996, har zuwa juyin juya hali, sarakunan Faransa uku kacal aka binne a wani wuri daban. Gaba ɗaya sarakuna sun haura 40, matan sarakuna sun haura 30, ban da 'ya'ya da manyan fadawa.

Ginin kansa ma abin a tsaya a kalla ne, ko da babu sarki ko ɗaya. Shugaban gidan sufayen wurin, Suger, wanda ya hau muƙamin a 1122, shi ya sake gina gaban majami'ar, sannan ya sake ɓangaren gabas, aka buɗe shi a watan Yuni na 1144. Matsalar da maginan Turai ke fama da ita a lokacin mai sauƙin faɗi ce: rufin dutse yana da nauyi, kuma ban da danna ƙasa yana tura bango waje. Maganinsu shi ne bango mai kauri da 'yan ƙananan tagogi, shi ya sa tsofaffin majami'u ke da duhu. Maginan Suger sai suka haɗa dabaru biyu da aka riga aka sani. Ta farko baka mai tsini, wadda take saukar da nauyi ƙasa fiye da yadda take tura shi gefe. Wanda ya ga masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, na ƙarni na 9, ya san ba Faransawa suka fara ta ba. Ta biyu haƙarƙarin dutse da ke giciye a ƙarƙashin rufi, suna tattara nauyin su zuba shi a kan ginshiƙai. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli bakan gizo a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya zai gane siffar, ko da yake namu na azara da laka ne kuma yadda yake ɗaukar nauyi ya bambanta. Da nauyi ya koma kan ginshiƙai, bango ya huta, sai aka fasa shi aka cika da gilashi mai launi. Wannan salon shi daga baya aka kira Gotik, kuma masana da dama a nan suke ɗora mafarinsa.

Yanzu mu dawo ga na kwance. Kada ka ɗauka fuskokin nan duka hotunan masu su ne. Wajen 1263, zamanin Louis na 9, aka sassaƙa mutum-mutumi 16 a lokaci guda don sarakunan da wasunsu sun mutu shekara ɗaruruwa kafin nan. Babu wanda ya san kamanninsu. Dukansu aka yi su da fuska mai kyau, ido a buɗe, kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Da gangan aka yi haka. Gidaje uku ne suka mulki ƙasar bi da bi, biyun baya kowane ƙwace ya yi daga na gabansa, sai aka jera su yadda mai kallo zai ga kamar zuriya ɗaya ce ba yankewa. Siyasa ce aka sassaƙa a dutse. Sai a 1364, da Charles na 5 ya sa André Beauneveu ya sassaƙa shi yana raye, aka soma ganin fuska ta gaskiya, da dogon hancinsa da komai.

Akwai kuma al'adar da za ta ɗaure wa mai karatu kai. Sarki ɗaya yakan samu kabari uku: gangar jiki a Saint-Denis, zuciya a wata majami'a, kayan ciki a wata. Idan ka ga mutum-mutumi riƙe da 'yar jaka a ƙirji, asalinsa kabarin kayan ciki ne da aka kawo daga wani wuri. Shi kansa Louis na 9, wanda Musulmin Masar suka taɓa kamawa a 1250 a yaƙin 'yan Salibiyya har sai da aka fanshe shi, a bakin Tunis ya mutu a watan Agusta na 1270. Babu hanyar kai gawa Faransa cikin wannan zafi, sai aka dafa ta har nama ya rabu da ƙashi. Ƙasusuwan aka kawo nan, kayan cikin aka kai Sisili. Ka riƙe wannan batu na raba zuciya da jiki, za mu dawo kansa.

Kabarin da ya fi tsayar da ni shi ne na Louis na 12 da matarsa Anne. A sama suna durƙushe cikin kayan sarauta suna addu'a. A ƙasa kuwa, cikin rumfar dutsen, ga su kwance tsirara, baki a buɗe, har ɗinkin da masu gyaran gawa suka yi musu a ciki an sassaƙa. Ban zaci sarki zai yarda a nuna shi haka ba.

A ranar 1 ga Agusta 1793, wata shida bayan an fille kan Louis na 16, majalisar juyin juya hali ta ba da umarnin rushe kaburburan. Dalili biyu ne: a shafe alamun sarauta, a kuma samu dalma, don akwatunan gawa na dalma ne, ƙasar kuma tana yaƙi da maƙwabta tana neman harsashi. Tashin farko, cikin Agusta, duwatsu aka farfasa. Daga 12 ga Oktoba aka koma kan gawarwakin. Wani tsohon sufi mai suna Germain Poirier yana tsaye yana rubuta abin da ya gani, shi ya sa muka san abubuwa dalla-dalla. Henri na 4, wanda aka kashe da wuƙa a 1610, an tarar gawarsa ba ta lalace ba bayan shekara 183, har aka jingine ta mutane suna zuwa kallo. Ta Louis na 14 ta yi baƙi ƙirin. Ta Louis na 15 an buɗe ta ranar 16 ga Oktoba, ranar da ake fille kan Marie Antoinette a Paris. Duka aka zuba su a manyan ramuka biyu a arewacin ginin, aka watsa farar ƙasa mai ƙuna, aka rufe. A wancan zamani an yi imani farar ƙasa tana cinye gawa. Gwaje-gwajen da masu binciken gawa suka yi a zamaninmu sun nuna sau da yawa jinkirta ruɓewa ma take yi. Amma ko ba ta cinye ba, cakuɗawar ta riga ta yi aikinta.

Duwatsun da muke kallo yau wani mai zane, Alexandre Lenoir, shi ya cece su. Ya lallaɓa ya kwashe su zuwa gidan tarihin da ya kafa a Paris, da hujjar cewa aikin fasaha ne na ƙasa, ba na sarki ba. Bayan an rufe gidan a 1816 aka dawo da su, har da na wasu majami'u da aka rushe. Wato wasu mutum-mutumin ma ba su taɓa kwanciya a kan gawa a Saint-Denis ba.

Sai ka sauka matakala zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, nan ne ake da mutane na gaske. Da sarauta ta dawo bayan faɗuwar Napoleon, Louis na 18 ya sa aka tono yayansa Louis na 16 da Marie Antoinette daga maƙabartar Madeleine, aka kawo su nan ranar 21 ga Janairu 1815. Ta yaya aka gane su? Wani maƙwabcin maƙabartar ne ya ce ya ga inda aka binne su, ya sayi filin ya yi ta kula da wurin. Marubuci Chateaubriand ya ce wai ya gane sarauniyar ta muƙamuƙinta, don ya tuna murmushin da ta taɓa yi masa. Wannan a wajenmu ba hujja ba ce. A 1817 aka buɗe ramukan nan biyu, aka tarar ƙasusuwa sun gauraye, ba a san na wane da na wance ba. Aka tattara su a akwatuna aka sa a wani ɗan ƙaramin ɗaki, aka rufe da allunan baƙin dutse masu jerin sunaye. Sarautar shekara sama da dubu ke nan, a wurin da bai kai shagon tela girma ba. Mutum biyu ba sa tsayawa a ciki a sake.

Kusa da nan akwai wani tulu na gilashi, a cikinsa wani abu busasshe mai kamar guntun itace. Zuciyar yaro ce. Louis-Charles, ɗan Louis na 16, wanda masu goyon bayan sarauta ke kira Louis na 17, ya mutu a kurkukun Temple ranar 8 ga Yuni 1795 yana ɗan shekara 10, bayan ya sha ƙazanta da kaɗaici da tarin fuka. Aka binne shi ba alama. Nan da nan jita-jita ta tashi cewa an sace shi an musanya da wani yaro. Mutane gommai suka fito kowa na cewa shi ne yariman. Wanda ya fi shahara wani mai gyaran agogo ne daga Jamus, Karl Wilhelm Naundorff, wanda ya mutu a Delft ta ƙasar Holan a 1845, aka ma rubuta sunan Louis na 17 a kabarinsa. Batun ba wasa ba ne a lokacin, don idan yaron yana raye, shi ne mai gadon sarauta, ba baffansa da ke kan karaga ba.

Likitan da ya yi binciken gawar, Philippe-Jean Pelletan, ya faki ido ya cire zuciyar ya naɗe a hankici, saboda waccan al'ada ta ajiye zuciyar sarki daban. Ya sa ta a ruwan sifirit, ruwan ya bushe, ita ma ta ƙandare. Tafiyar da ta yi bayan nan sai ka rantse ƙirƙira ce. Wani ɗalibinsa ya sace ta, aka dawo da ita bayan mutuwarsa. Dangin sarki suka ƙi karɓa don ba su yarda ba. Aka ajiye ta a fadar babban bishof na Paris, a tarzomar 1830 aka fasa fadar, tulun ya tarwatse, ɗan likitan ya tsinto ta cikin tarkace. A 1895 ta koma hannun reshen dangin da ke neman sarautar Sifaniya, ta zauna a Ostiriya, sai 1975 ta iso Saint-Denis. Duk wani mai bincike da ya ji wannan silsila zai ce a ina aka tabbatar ba a musanya ta a hanya ba.

A nan kimiyya ta shigo. A cikin ƙwayar halittar jikinmu, ban da DNA da ke tsakiya wanda muka gada rabi daga uwa rabi daga uba, akwai wani ɗan ƙarami a cikin maitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwayar ƙarfi. Haruffansa 16,569 ne kawai. Abu biyu suka sa yake da amfani ga mai binciken tsohuwar gawa. Na ɗaya, kowace ƙwaya tana ɗauke da kwafinsa ɗaruruwa ko dubbai, balle tsokar zuciya da ke cike da maitokondiriya, don haka ko nama ya tsufa akan samu saura. Na biyu, ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Naka irin na mahaifiyarka ne, da na kakarka ta wajen uwa, da na 'ya'yan innarka 'yar'uwar mahaifiyarka. Namiji yana karɓa amma ba ya miƙawa. Saboda haka ba a buƙatar gawar Marie Antoinette. Ana da gashinta da na 'yan'uwanta mata biyu da aka adana, ana kuma da rayayyun mutane da suka fito daga tsatson mahaifiyarta, Maria Theresa ta Ostiriya, ta layin mata zalla: Sarauniya Anne ta Romaniya da ɗan'uwanta.

Jean-Jacques Cassiman na Jami'ar Leuven a Beljiyam ya fara gwada ƙashin hannun Naundorff, sakamakon ya fito a 1998: bai dace da na dangin ba. A ƙarshen 1999 aka yanki ɗan ƙaramin yanki na zuciyar aka raba biyu, ɗaya Leuven, ɗaya wajen Bernd Brinkmann a Münster ta Jamus, kowa ya yi nasa aikin daban. A Afrilu 2000 aka sanar cewa duka biyun sun sami abu guda, kuma ya dace da layin Maria Theresa.

Jaridu suka ce an warware magana. Amma a lura da iyakar gwajin. Abin da ya nuna shi ne zuciyar ta wani ce daga wannan layin na uwa, girmanta kuma ya nuna ta yaro ce. To Louis-Charles yana da wa, Louis-Joseph, wanda ya mutu a 1789 yana ɗan shekara 7, shi ma an cire zuciyarsa an ajiye, ta kuma ɓace a juyin juya hali. Uwarsu ɗaya, don haka wannan gwajin ba zai taɓa raba su ba. Abin da ya raba su tarihi ne. Masanin tarihi Philippe Delorme ya kawo hujjar cewa zuciyar wan an gyara ta ne irin gyaran fada, a tsaga a cusa kayan ƙamshi, ita kuwa wannan babu alamar haka, ta bushe ne kawai kamar yadda Pelletan ya bayyana. A ganina hujjar tana da ƙarfi, sai dai ya kamata a san rabinta daga ɗakin gwaji ta fito, rabi daga takardu. Ranar 8 ga Yuni 2004 aka yi mata jana'iza aka ajiye ta inda take yanzu.

Don ka ga yadda irin wannan aiki ke iya zamewa, dubi kan Henri na 4. A 1919 wani mai sayar da tsofaffin kaya ya sayi busasshen kan mutum a gwanjo a Paris kan faran 3, ya rayu yana cewa na Henri ne da aka guntule a 1793. A 2010 tawagar likita Philippe Charlier ta wallafa cewa haka ne: ga tabo a gefen hanci, ga hujin kunne, ga alamar rauni a saman leɓe daidai inda aka taɓa sukar sarkin a 1594, gwajin kabon-14 kuma ya ba da tsakanin 1450 da 1650. Daga baya aka ce ɗan abin da aka samu na DNA ɗin kan ya dace da wani busasshen jini da ke cikin wani ƙawataccen gora, wanda ake cewa na Louis na 16 ne. Kuskuren a fili yake: an auna abin da ake shakka da wani abin da ake shakka. A 2013 Cassiman da Maarten Larmuseau suka gwada rayayyun maza uku na gidan Bourbon, ta kuromosom Y wanda ɗa ke gada daga uba. Su ukun sun dace da juna, amma ba su dace da kan ba, ba su dace da jinin ba. Charlier bai janye ba, ya ce mai yiwuwa a wani wuri cikin zuriyar an samu ɗan da ba na ubansa ba ne. Har yanzu dai kan bai shiga Saint-Denis ba.

A ƙarshen ɗakin ƙarƙashin ƙasa akwai wani wuri mai duhu da ake leƙawa, cike da akwatunan gawa na dutse a jere a cikin ƙasa. Yawancin masu ziyara kallo ɗaya suke yi su wuce. A nan ne a 1959 Michel Fleury ya buɗe wani akwati ya tarar da mace cikin tufafin alharini, da kayan ado na zinariya, da zobe mai ɗauke da suna Arnegundis. Ita ce ake ɗauka Arégonde, matar Sarki Clotaire na 1, surukar Clovis. Masu juyin juya hali ba su taɓa ta ba don babu wanda ya san tana nan. Ba ta da mutum-mutumi a sama. Da farko an ce ta mutu tana kusan 45. Da aka sake binciken a farkon wannan ƙarni, aka ƙirga siraran layukan da ke taruwa shekara-shekara a saiwar haƙori, kamar zoben cikin itace, sai aka samu ta kai wajen 60, wato ta rasu wajen shekara ta 580. Ƙashin ƙafarta ya nuna tana ɗingishi, ana zaton shan inna ce ta same ta tana yarinya. Wasu jajayen duwatsun da ke jikin kayan adonta kuwa, da aka auna sinadaransu, daga Indiya suka fito.

Kayan nata ba sa Saint-Denis. Suna gidan tarihin da ke Saint-Germain-en-Laye, a yammacin Paris, kuma sai ka koma tsakiyar gari ka sake jirgi. Da na fito rana ta yi ƙasa, 'yan kasuwa suna naɗe rumfuna, lokaci bai bar ni na je ba.